Ƙuduji a Gonar Hatsi: Cirewa, Juya Shuka, Taki, Sabon Iri ko Magani, Wanne Ya Dace da Gonarka?

Manomin da ƙuduji ya kama wa gona yakan sha shawarwari iri-iri, kuma kowane mai ba da shawara yana da tasa gaskiyar. Wani zai ce a zuba taki, wani ya ce a nemi sabon iri, wani ya ce a bar hatsi a shuka waken soya, mai sayar da magani kuma ya miƙo kwalbarsa. Kuɗin da ke hannun manomi kafin faɗuwar damina ba zai isa a yi duka ba, gonar kuma ita ce abincin gida, ba a wasa da ita. Abin da ya sa shawarwarin suke cin karo da juna shi ne tambayoyi biyu daban suke amsawa. Wasu hanyoyin amfanin bana suke cetowa, wasu kuma irin ciyawar da ke kwance a ƙasa suke ragewa domin shekaru masu zuwa. Wanda bai raba waɗannan biyun ba yakan zuba kuɗinsa inda ba nan ne ciwon yake ba, daga baya ya yanke hukuncin cewa ƙuduji ba shi da magani.

Gane shi tukuna

Ƙuduji, wanda ake kuma kira wuta-wuta, tsiro ne mai rayuwar damina guda: ya fito, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Bambancinsa da sauran ciyayi shi ne ba ya neman abincinsa da kansa, saiwarsa yake cusawa cikin saiwar amfanin gona ya riƙa tsotsar ruwa da abinci. Nau'i uku ne suka fi damun manoma. Na farko, wanda masana ke kira Striga hermonthica, shi ne mai fure ruwan hoda da ya karkata zuwa shunayya, mai kaushin kara da siraran ganye, yana kaiwa rabin mita ko fiye, kuma yana kama dawa da gero da masara da shinkafar tudu da rake. Na biyu, Striga asiatica, gajere ne, furensa galibi ja, shi ma hatsi yake bi. Na uku, Striga gesnerioides, wake yake kamawa. Gajere ne mai fitowa a cunkushe, ganyensa ƙanana ne ainun, furensa kuma bai cika ɗaukar ido ba. Sanin wanda ke gonarka yana da amfani ƙwarai, domin shukar da take tarko mai kashe wani nau'in abinci ce ga wani.

Alamar farko a jikin amfanin gona take bayyana. Yabanya takan tsumbure, ganye ya yi ɗorawa ya naɗe kamar ana fari alhali ƙasa tana da danshi, kuma abin yakan zo a tsibi-tsibi, wani sashe na gonar ya yi kyau, wani ya ƙi tashi. In an haƙa gindin shukar a hankali da fartanya za a ga fararen tsirrai masu taushi manne da saiwa. Ƙudujin da aka tumɓuke kuma baƙi yake komawa idan ya bushe.

Irinsa kamar ƙura yake, ƙwaya ɗaya ba ta kai rabin milimita ba, gindi ɗaya kuma yana iya zubar da ƙwaya 50,000 ko fiye, waɗanda za su iya zama da rai a ƙasa sama da shekara 10. Ƙwayar ba ta tsirowa don ruwa ya sauka kawai. Sai ta sha danshi da ɗumi na mako ɗaya zuwa biyu, sannan ta ji wani sinadari da saiwar amfanin gona ke fitarwa. Da zarar ta tsiro, kwanaki kaɗan gare ta ta kama saiwa, in ba ta samu ba ta mutu. In ta kama, sai ta yi mako 4 zuwa 7 a ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa kafin ta leƙo waje. Ma'anar wannan ita ce ranar da manomi ya fara ganin fure a gonarsa, mafi yawan ɓarnar bana ta riga ta auku.

Ma'aunan da za a bi

Abu biyar ya kamata a tambayi kowace hanya. Nawa za ta ci na kuɗi da na ƙarfin aiki? Za ta ceto amfanin wannan daminar? Za ta rage irin da ke ƙasa, wato amfaninta zai ɗore? Manomi zai iya yin ta da kayan da ke hannunsa? Wane haɗari ke tattare da ita ga amfanin gona ko lafiya ko jari? A ganina na uku ne ya fi nauyi ga mai gonar kansa, na biyu kuma ga wanda ya karɓi gona haya ko aro na shekara guda.

Cirewa da hannu

Ba ta cin kuɗi idan akwai hannaye a gida, amma tana cin lokaci, kuma a gonar da ƙuduji ya yi wa rumfa kuɗin 'yan ƙwadago yana iya wuce abin da gonar za ta bayar. Amfanin bana kusan ba ta ƙara masa komai, saboda dalilin da aka ambata, shi ya sa mutane da yawa suke raina ta. Wannan rainin kuskure ne babba, domin duk gindin da aka cire kafin ya yi 'ya'ya dubban ƙwayoyi ne aka hana shiga ƙasa, kuma babu wata hanya a cikin sauran da za ta yi tasiri mai ɗorewa idan ana barin fure yana zubar da iri a bayanta.

Lokaci da yadda ake yi su ne sirrin. In an cire shi yana ɗan tsiro, yakan karye ya sake tofowa daga ƙasa; in an bari kwansonsa ya nuna, cirewar ma watsa iri ce. Lokacin da ya dace shi ne da ya fara buɗe fure, sannan a riƙa komawa kamar kowane mako biyu. A tara shi a buhu, a fitar da shi daga gona, a ƙone shi a rami. Wanda ya cire ya yar a kwarin kunya ya kashe maciji ne bai sare kansa ba, domin ƙudujin da ya yi fure yana iya ƙarasa nunar da 'ya'yansa ko bayan an tumɓuke shi. Kada a ba dabbobi, kada a jefa a jujin taki, saboda ƙwayar tana fita da ranta a cikin kashinsu. Wurin da aka fi yin sakaci shi ne bayan girbi: an kwashe dawa, hankali ya koma sussuka, ƙuduji kuwa yana nan a gindin kara yana ƙarasa aikinsa. Zagayen ƙarshe bayan girbi ya fi na farko daraja.

Juya shuka da shukar tarko

Wannan hanya ta dogara ne da raunin ciyawar kanta. Akwai tsirran da saiwarsu ke fitar da sinadarin da ke tayar da ƙwayar ƙuduji, amma ba ta iya kama su, sai ta tsiro ta mutu da yunwa. A saiwar auduga ma aka fara gano wannan sinadari a 1966. Ga ƙudujin hatsi, waken soya da auduga da gyaɗa da riɗi da wake duk suna yin wannan aikin, ko da yake ƙarfinsu ya bambanta har tsakanin iri da iri na amfani guda. Waken soya mai lamba TGx 1448-2E, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta samar, ya yi suna a kan haka.

Kuɗin da ake kashewa na iri ne kawai, kuma abin da aka shuka ana sayar da shi, ga harawa, ga ƙarfin da dangin wake ke bar wa ƙasa. Tsadar gaskiya a wani wuri take: shekarar da aka shuka waken soya babu hatsi daga wannan gonar, don haka sai an sayar an sayi abinci, kuma kasuwa ba ta da tabbas. Mai ƙaramar gona wanda ita ce rumbunsa yana da hujja idan ya yi ɗari-ɗari. Mafita gare shi ita ce ya raba gonar gida biyu ko uku, ya fara da sashen da ya fi lalacewa, tunda dama abin da yake samu a wurin bai taka kara ya karya ba.

Abubuwa uku ke ɓata wannan hanya. Na farko gaggawa: damina ɗaya tana ragewa, amma ƙasar da ta shekara goma tana tara iri tana bukatar damina biyu zuwa uku ba tare da hatsi ba. Na biyu barin gyauron dawa ko gero da ciyayi dangin hatsi a cikin gonar tarko, domin ƙuduji zai kama su ya yi fure, aikin shekarar ya tashi a banza. Na uku shuka wake a gonar da ke da ƙudujin wake. Juya dawa da masara ko gero kuwa ba juyi ba ne a wajen wannan ciyawa, duk abincinta ne.

Haɗa hatsi da wake ko gyaɗa a gona ɗaya yana taimakawa, musamman inda ganyensu ya rufe ƙasa ya yi inuwa, sai dai tunda hatsin yana nan, ƙuduji ma yana nan, ragewa ce kawai. Akwai wani tsari mai ƙarfi da cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE da ke Kenya ta ɓullo da shi tare da cibiyar Rothamsted ta Ingila a shekarun 1990, inda ake shuka wata harawa mai suna desmodiyum tsakanin layukan masara, a kewaye gonar da ciyawar kiwo. Saiwar desmodiyum tana tayar da ƙwayar ƙuduji kuma tana hana ta kama masara, tsarin yana rage tsutsar kara, ga abincin dabbobi. Amma irin desmodiyum yana da wuyar samu, shekarar farko tana cin aiki sosai, kuma tunda harawar tana zama a gona shekara da shekaru, inda dabbobi ke yawo sake da rani sai an killace.

Taki

Kowane manomi ya lura cewa ƙuduji ya fi tsanani a gajiyayyar ƙasa, kuma akwai dalili. Idan hatsi ya rasa sinadarin naitirojin da fosfaras, saiwarsa takan ƙara fitar da sinadarin nan da ke tayar da ƙwayar ciyawar, kamar mai jin yunwa ne ke kiran ɓarawo da bakinsa. Taki yana rage wannan kira, yana kuma ba shuka ƙarfin ɗaukar abin da ya kama ta. Ta fuskar ceton amfanin bana, yana cikin hanyoyin da suka fi saurin nuna sakamako.

Tsadarsa ita ce matsala. Gwaje-gwaje a kan masara sun nuna sai an kai wajen kilo 90 zuwa 120 na naitirojin a hekta kafin ƙuduji ya ja baya sosai. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 ne na naitirojin, wato ana maganar buhu 4 zuwa 5 a hekta. Ɗan barbaɗen da bai kai ba, a gonar da ta cika da ƙuduji kuma aka shuka irin da ba ya jurewa, yakan ƙare a cikin ciyawar ne. Ga haɗarin ruwa: in damina ta yanke, kuɗin takin ya tafi. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi dacewa da dabarar sa ɗan taki a gindin shuka lokacin shuka, giram 2 zuwa 6 a kowane rami, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta yaɗa, domin yabanya ta tashi da ƙarfi tun farko. Takin gargajiya ya fi ɗorewa kuma yana gyara ƙasa, da sharaɗin ya ruɓe sosai kuma ba daga dabbobin da suka yi kiwo a gonar ƙuduji ya fito ba.

Iri mai juriya

Idan aka kwatanta kuɗin da ake fitarwa da abin da ake samu, da wuya wata hanya ta kamo wannan, kuma ba ta ƙara wa manomi wani aiki. A dawa akwai Framida da SRN39 da N13, kuma aikin samar da dawa mai tsayayya da ƙuduji yana cikin abin da ya sa masanin noma Gebisa Ejeta ɗan Habasha ya sami babbar kyautar abinci ta duniya a 2009. A masara akwai irin su SAMMAZ 11 da SAMMAZ 15, a wake kuma akwai IT97K-499-35.

Sai dai a tambayi mai sayarwa ko malamin gona tambaya ɗaya: irin yana hana ƙuduji kamawa ne, ko jure masa yake yi? Mai hanawa yana rage yawan ƙudujin da ke fitowa. Mai jurewa yana ba da amfani duk da ƙudujin, amma ciyawar tana fure a gindinsa kamar kullum, don haka manomi yana murna da girbi ƙasa kuma tana ƙara cika da iri. Ban da haka, ƙuduji yana da jinsuna, kuma irin da ya yi nasara a wani yanki yana iya faɗuwa a wani. Waken B301 da aka samo daga Botswana ya gagari yawancin jinsunan ƙudujin wake, amma na yankin Zakpota a Jamhuriyar Benin ya kama shi. Saboda haka a gwada sabon iri a 'yan kunyoyi kafin a ba shi gona duka. Masara kuma tana gaurayuwa da ta maƙwabta, don haka ana sabunta irinta bayan shekara biyu ko uku. Haɗari na ƙarshe shi ne jabun iri, maganinsa kuwa saye daga inda aka tabbatar.

Magani

Magungunan da ake fesawa bayan shuka kafin tsiro ƙarfinsu yakan ƙare tun ƙuduji bai leƙo ba. Feshin maganin ciyawa mai suna 2,4-D yana kashe wanda ya fito a gonar hatsi, amma ga amfanin bana ihu ne bayan hari. Darajarsa ita ce yana maye gurbin cirewa da hannu a babbar gona. Yana ƙona wake da gyaɗa da auduga da waken soya, ko da iska ce ta kai musu, don haka bai dace da gonar da aka haɗa shuka ba, kuma yana bukatar injin feshi da kayan kare jiki.

Wanda ya fi shi ma'ana shi ne irin masarar da ke jure maganin ciyawa mai suna imazapir, wanda ake shafe ƙwayarsa da maganin, aka sa masa suna StrigAway, aikin haɗin gwiwar cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da cibiyar kimiyya ta Weizmann da kamfanin BASF. Ƙudujin da ya zo kama saiwa a makonnin farko yana mutuwa a ƙarƙashin ƙasa, wato a daidai lokacin da yake ɓarnarsa. Amma sai an saye shi sabo kowace shekara, ruwa mai yawa yana iya wanke maganin, kuma hannun da ya shuka shi ba ya taɓa wani iri sai an wanke, domin maganin yana kashe duk abin da ba ya jure masa. Ba a cin wannan iri, ba a ba dabbobi. Akwai kuma wani naman gwari mai suna fusariyum da ke kashe ƙuduji kaɗai, wanda aka fara sayarwa a Kenya, amma bai wadata a ko'ina ba tukuna.

Ko ƙasar da ke da kuɗi ba ta ga sauƙin wannan ciyawa ba. An gano ƙuduji mai jan fure a jihohin Karolina na Amurka a 1956, ya mamaye sama da eka 400,000, kuma sai da aka shafe shekaru gommai ana hana fitar da ƙasa da kayan gona daga yankin, ana kashe duk wanda ya fito kafin ya yi iri, ana cusa iskar etilin a ƙasa don ta tayar da ƙwayar ta mutu, sannan aka ci ƙarfinsa.

| Hanya | Tsada | Ceton amfanin bana | Rage iri a ƙasa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Cirewa da hannu | Kuɗi kaɗan, aiki da yawa | Kaɗan ƙwarai | Tana hana ƙari | Kowa zai iya | Makara ko yar da shi a gona |
| Shukar tarko | Kuɗin iri, da rashin hatsin shekarar | Babu hatsi a sashen | Sosai, bayan damina 2 zuwa 3 | Da sauƙi | Faɗuwar kasuwa, gyauron hatsi |
| Desmodiyum | Tsada a shekarar farko | Daga shekara ta biyu | Sosai | Da wuya a farko | Rashin iri, dabbobin sake |
| Takin zamani | Mai tsada | Sosai, in ya isa | Kaɗan | Da sauƙi | Yankewar ruwa |
| Takin gargajiya | Aikin ɗauka | Matsakaici | A hankali | Matsakaici | Shigo da iri a cikinsa |
| Iri mai juriya | Mai rahusa | Sosai | Mai hanawa kaɗai | Mafi sauƙi | Jabu, bambancin jinsi |
| Feshin 2,4-D | Matsakaici | Kaɗan | Yana hana ƙari | Sai da injin feshi | Ƙona dangin wake, lafiyar mai feshi |
| Masara mai shafen magani | Mai tsada, kowace shekara | Sosai | Matsakaici | Sai da kula | Wankewar ruwa, taɓa wani iri |

Wacce ga wa

Wanda ya fara ganin 'yan tsirarun furanni a gonar da ba ta taɓa yi ba, cirewa da hannu ta ishe shi, in dai bai bar ko gindi ɗaya ya yi 'ya'ya ba. Ya binciki ta inda ya shigo: irin da aka sheƙe a ƙasa a gonar da ke da ƙuduji, karan dawa da aka kawo daga wani wuri, garmar aro, ko ruwan da ke gangarowa daga gonar sama.

Mai gonar haya ta shekara guda ya sa kuɗinsa a iri mai juriya, abin da ya rage ya sayi taki, domin su ne za su dawo masa a kakar bana. Duk da haka amana ce ya cire furen kafin ya miƙa gonar.

Mai gonar gado da ƙuduji ya cinye, wanda zai noma ta shi da 'ya'yansa, shukar tarko ce ginshiƙinsa. Ya fara da mafi munin sashe, ya ba shi damina biyu ko uku na waken soya ko gyaɗa, sannan ya dawo da hatsi mai hana kamu tare da taki. Zuba takin zamani mai yawa a irin wannan gona kafin a rage irin da ke ƙasa asarar jari ce.

Wanda ba shi da kuɗi amma yana da hannaye da dabbobi, ya haɗa ruɓaɓɓen takin gargajiya da shuka wake ko gyaɗa cikin hatsi da cirewa a kan kari, in ya sami ɗan abin sayen iri ya sa a nan. Mai kiwon da ke da killatacciyar gona kuma zai iya samun irin desmodiyum, tsarin ya dace da shi fiye da kowa, tunda harawar kaɗai tana biyan wahalar.

Mai noman masara a fili mai faɗi don kasuwa, wanda cirewa da hannu ta fi ƙarfinsa, ya nemi iri mai shafen magani inda ake samunsa ko iri mai hana kamu, ya ba shi cikakken taki, ya fesa 2,4-D a kan abin da ya fito kafin fure, kuma ya sa waken soya a cikin jerin shekarunsa. Wanda ƙudujinsa na wake ne kuwa, iri mai hana kamu shi ne zaɓi na farko, juyinsa kuma da dawa ko gero ko masara zai yi, muddin gonar ba ta da nau'in da ke kama hatsi.